Almu da Garmar Sa Guda

A shekarar 1958 aka turo ni gida Tambuwal a matsayin malamin gona, aka haɗa mini da ƙasar Kebbe har zuwa Fakku. Sunana Ɗan'iya, amma a ƙauyuka babu mai kirana da shi, Malamin gona kawai ake cewa. Keke aka ba ni na rangadi, kuma duk wanda ya san hanyar Kebbe a wancan zamani ya san rabin tafiyar kai ne kake ɗauke da keken. Shekara tara na yi ina wannan zirga-zirga. Na ga manoma da yawa, na manta sunayen akasarinsu, amma ban manta Almu na Tungar Namadi ba.

Tungar Namadi ɗan ƙauye ne kusa da Fakku, gidajensa ba su fi talatin ba. Ranar da na fara zuwa ana tsakiyar noman fari ne, da hantsi. Duk gonar da na wuce mutane na duƙe, sai wata ƴar gona a bakin gari inda na hangi mutum zaune gindin kaɗanya, ya miƙe ƙafa ɗaya, hauya na ajiye a gefensa. Na tambayi dattijon da mai gari ya haɗa ni da shi ko mutumin ba shi da lafiya.

"Almu na," in ji shi. "Haka shike. Bai son wahala."

Lokacin ina da ƙuruciya, ga karatun makarantar aikin gona yana hura mini kai. Na jingine keke na nufe shi don in yi masa faɗa.

"Sannu da hutawa," na ce masa da gatse.

"Yawwa, Malamin gona. Zamna ka sha ruwa."

"Kowa na aiki, kai kana zamne?"

"Na ƙare na yau." Ya nuna mini da baki. Kunyoyin da ya nome suna nan tsaf, babu ko ɗigon haki. "Tun da gari yaw waye nika aiki. In na ƙara kunya biyu cikin ranag ga, gobe ba ni iya tashi. Ƙarfina kaɗan na, Malam. Ba ni da na zubarwa."

Sai da ya tashi zai miƙo mini butar ruwa na ga ƙafar hagunsa ba ta lanƙwasuwa daga gwiwa. Kunya ta kama ni, na karɓa na sha ruwan.

Daga baya na ji labarinsa, wani daga bakinsa, wani daga bakin matarsa Saudatu. Yana da wajen shekara arba'in da uku sa'ad da na san shi. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona babba a bayan ƙorama, tafiyar da ta fi sa'a guda daga gari. Yana cikin ƙarfinsa kurkunu ya kama shi damina uku a jere, kuma kullum sai an yi shuka ciwon yake tasowa. A karo na uku a gwiwa ya fito, ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura wata huɗu, da ta saɓe kuma ta sanƙare. Ɗansu namiji ɗaya ne, ƙyanda ta ɗauke shi yana ƙarami. Ƴaƴansu mata biyu sun yi aure. Gida ya rage daga shi sai Saudatu. Gayya kuwa, mutumin da ba ya iya zuwa ta wasu da wuya a cika a tasa.

Abin da ya fara ja masa suna shi ne musayar gona. Ya ba wani ɗan'uwansa, Ɗanmaliki, babbar gonar nan ta gado, ya karɓi ƴar ƙarama ta bakin gari wadda ta gaji har ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya cinye ta. Gari duka aka ce an cuce shi, wasu suka ce ciwon ya taɓa masa kai. Shi kuwa ya ce mini, a da kafin ya isa waccan gonar ya riga ya gaji, in ya dawo kuma ko tuwo ba ya iya ci. Taki ma ba ya kaiwa can, don ba shi da jaki. A wannan ta kusa, tokar murhu da sharar gida da kashin awaki duk Saudatu ke juyewa a ciki da ƙwarya. Yakan shuka wake tsakanin gero, noma ɗaya ya wadaci biyu. Ba su ƙoshi ba, amma sun daina jiran hatsin dangi.

A 1959 aka kawo tarakta ta gwaji a wata fadama da ke tsakanin Kebbe da Fakku, don a kafce wa masu shinkafa. Mutane suka yi cincirindo. Almu ma ya ɗingiso ya zo, ya tsaya gefe yana kallo yadda take keta ƙasa tana hayaƙi. Can sai ya matso kusa da ni.

"Malam, mi taka ci?"

"Man gas. Daga Sakkwato aka kawo shi cikin duro."

"In ya ƙare fa?"

"Sai ta tsaya."

"To, ni ma haka nike," ya ce. "Sai dai ni abin da nika ci ga gonata shika fitowa."

Bayan kwana shida man ya ƙare. Ruwan sama ya yanke hanya, motar da za ta kawo wani ta kasa ƙetarowa. Tarakta ta yi kwana goma sha tara a tsaye, fadama ta fara cika, ƙafafunta suka nutse. Ƙarshe maza arba'in aka tara da igiyoyi suka yi wuni biyu suna janyo ta, gonakinsu na can haki na ci. Ni ne na bi gida gida na tara su, har yau ina jin nauyin wannan a raina.

Maganar shanun huɗa Saudatu ce ta fara kawo ta. A lokacin muna ta kiran manoma su rungumi garmar shanu, amma ƙa'ida ta ce sai mai gona mai faɗi, ta Almu kuwa ba ta kai ba. Saudatu ƴar gidan masu shanu ce. Yayanta Sambo yana zaune a wata ruga da ta zama gari, arewa da tungar, yana kiwo yana noma kamar yadda kakanninsu suka yi. Ta shirya ta je ta same shi. Sambo ya ƙi da farko, ya ce shi bai taɓa ganin an ɗaure wa sa itace a wuya ba, sa ba jaki ba ne. Ta koma sau uku. A na uku ya ba ta ƴan bijimai biyu masu shekara uku uku, ɗaya fari ɗaya ja, bisa sharaɗin shanun nasa ne, Almu zai ciyar da su, in ya gama huɗar gonarsa ya yi wa Sambo tasa. Ya kuma ja kunne kada a kai su kusa da kurmin bakin gulbi, saboda ƙudan tsando.

Akwai garmar nuni guda a sito a Tambuwal, tana ta tsatsa. Na ɗora wa raƙumin wani ɗan kasuwa aka kai ta tungar, na rubuta a littafi cewa tana wurin gwaji.

Duk ranin nan suna horon shanun. Gungume suka fara ja a fili bayan gari. Saudatu ke gaba riƙe da igiya tana yi musu magana da harshen da ta tashi da shi a ruga, Almu na baya yana jan ƙafa. Mata suka yi ta surutu a bakin rijiya, wai matar aure ta koma makiyayi. Wata ta faɗa mata a fuska, Saudatu ta ce, "Ni cikin shanu anka haife ni. In kuna da wanda ka riƙa muna, ku aiko shi." Ba a aiko kowa ba.

Ruwan farko na 1960 ya sauka, muka fita gona da safe, rabin gari na biye da mu. Shanun sun rame, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, don rani ya yi tsawo kuma abin da suka samu sai busasshen kara. Suka ja kunya ɗaya, suka ja ta biyu suna haki. A tsakiyar ta uku Ja ya durƙusa, Fari ya bi shi. Saudatu ta yi kira, ta yi lallashi, ko motsi. Wani daga cikin masu kallo ya ce a murɗe musu wutsiya, wani ya ce a kawo wuta. Almu ya ce kada wanda ya taɓa su. Ya kwance karkiya, muka ga wuyansu ya saluɓe, jini na tsattsafowa. Mutane suka watse suna dariya. Shi kuwa ya zauna a kan kunyar ya daɗe yana duban shanun, sannan ya ce wa Saudatu ta kai su inuwa, ya ɗauki garmar hannu. Da hannu ya gama huɗar shekarar, tasa da rabin ta Sambo, kwana ashirin da wani abu. Da ya gama sai da ya yi mako a kwance.

Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. A watan Oktoba, kwana kaɗan bayan bikin samun mulkin kai, na biya tungar da ragowar ƴan tutocin da muka raba a Kebbe. Na tarar da shi ya hau kan rumfa, ban san yadda ya yi ya hau da wannan ƙafa ba, yana jera harawar wake.

"Malam Almu, an ba mu mulkin kai," na ce masa.

"Madalla. Allah shi sa alheri. Miƙo min damen can."

Na ajiye tutocin na yi ta miƙa masa. Da ya sauko ya bayyana mini abin da ya gano. Ya ce laifin ba na shanun ba ne. Lokacin da ake neman ƙarfinsu duka shi ne daidai lokacin da suka fi jin yunwa a shekara. Kuma garmar da na kawo an ƙera ta ne don ƙasa mai tauri, tasu kuwa jigawa ce, shanun suna jan nauyin ƙarfe ne kawai a banza. Karkiyar ma ta yi musu nauyi, kuma ba ta zauna daidai ba. Duk wannan ba a koya mini shi a makaranta ba, ko kuma an koya ina gyangyaɗi.

Shekarar nan ba su bar ko ganye ɗaya ya lalace ba. Harawar wake da ta gyaɗa suka hau rumfa. Karan dawa ya yanke shi da sauran ɗanye ya jingine. Saudatu ta yi ta tsintar ƴaƴan gawo tana tarawa a tsohon rumbu, dusar gida kuma ta daina zuwa wa kaji. Ba su saki abincin gaba ɗaya ba. Kaɗan kaɗan suke ba su duk rani, sai da ya rage wata ɗaya ruwa ya sauka suka ƙara musu, da ɗan jiƙon kanwa.

Tsakiyar rani ya ari jaki ya ɗora garmar, ya yi kwana biyu a hanya zuwa Dogon Daji wurin wani maƙeri mai suna Ɗangiwa. Ni ma na same su can. Almu ya so a rage wa garmar fukafukai a cire mariƙin ƙarfe. Ɗangiwa ya zagaya ta ya girgiza kai.

"Ƙarfen gwamnati na. Ba ni sa mai guduma, a zo a ɗaure ni da tsufana."

Ni ma tsoron nake ji. Ɗangiwa ya shiga bayan maƙera ya fito da wani guntun sifirin mota, ya jefar a gabanmu. Ya ce in Almu zai zauna ya nuna masa abin da yake so, zai ƙera wata sabuwa. Kwana biyar suka yi suna gardama, Almu na zana siffa a ƙasa da tsinke, Ɗangiwa na gogewa da ƙafa yana sake tasa. Abin da ya fito a ƙarshe ba shi da kyan gani. Baki ne na ƙarfe siriri, jiki da mariƙi na itace, mutum ɗaya yana ɗaga ta da hannu guda. Saudatu ta ba da akuyarta aka kai wa maƙeri. Karkiya kuma Almu ya sassaƙa wata da kansa daga itace marar nauyi, ya naɗe inda take zama a wuya da tsumma da fatar tunkiya.

Daminar 1961 babu wanda ya zo kallo sai ni. Safiya biyar suka gama gonar Almu, safiya shida ta Sambo. Da hantsi ya yi sai ya kwance su, ko da saura kunya ɗaya. Kashin shanun da suka tara duk rani ya shiga gonar, geron ya yi baƙi ƙirin, ƙuduji ya ragu. Da kaka sai da suka gina rumbu na biyu. Na zaci zan ga murna a fuskarsa. Da na yi masa barka sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Bana dai na san barcin rana." Ban taɓa jin ya yi dariya mai sauti ba, amma a shekarun nan biyu fuskarsa ta ɗan cika, Saudatu ma ta daina tarin da ta daɗe tana fama da shi.

Daga nan masu dariya suka fara sallama a ƙofar gidansa. Kowa na so a yi masa huɗa. Yakan yi wa wanda ya iya, ya ba sauran haƙuri, don ba ya yarda shanun su wuce hantsi. Wasu suka ji haushi, suka ce ya samu wuri.

A 1963 mai gari ya aiko a kafce masa fadamarsa, wadda take jikin kurmin bakin gulbi. Almu ya ba da haƙuri. Aka sake aikowa, ya sake ba da haƙuri. Rana ta uku mai gari ya zo da kansa da dattawa biyu, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ina garin ranar, ina zaune a wurin.

"Almu, ni ka hana ma shanu?"

"Ranka shi daɗe, ba nawa na ba. Mai su ya ce kada a kai su gulbi. Akwai tsando."

"Kwana nawa za su yi? Shekara? Sa'ad da kake kwance damina ukku, wa yah hana a karɓe gonar ubanka?"

Almu ya sunkuyar da kai. Ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ina da bakin da zan yi magana a matsayina na ma'aikaci, amma ina bukatar mai gari a kowane aiki nawa, sai na yi shiru. Kwana huɗu suka yi a fadamar. Saudatu na gaba da reshen ganye tana kore ƙudan, tana kuka ba sauti.

Bayan wata biyu Ja ya fara ramewa alhali yana cin abinci. Gashinsa ya tashi, idanunsa na zubar da ruwa. Sammore ne, ciwon da tsando ke sa wa shanu. Na hau keke na tafi Kebbe neman malamin dabbobi, na tarar ya fita rangadin allura can wajen iyakar lardi, sai bayan kwana goma ya dawo. Kafin mu iso an riga an yanka Ja don kada ya mutu mushe. Naman duk ruwa ne, ko masu karɓar sadaka ba su yi ɗoki ba. Fari aka yi wa allura, Allah ya sa ya tashi.

Sambo ya zo washegari. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a kan fatar da aka shanya a tsakar gida ya daɗe, sannan ya ce, "Na gaya maka." Almu ya ce, "Ka gaya min, Yaya." Sambo ya ce Fari ya zauna saboda ƙanwarsa, amma ba zai ƙara ko ɗan maraƙi ba. Mai gari ya aiko da damin gero ɗaya da gaisuwa.

Ranin da ya biyo baya shi ne mafi muni da na gani a gidan. Almu ya daina fita. Yakan zauna a zaure tun safe, ƙafa a miƙe, in an yi magana ya amsa da kai. Ya ce mini ya gaji, a mayar wa Sambo sansa, shi zai koma wa hauya har iyakar kwanansa. Saudatu ce ta ƙi. Ta ci gaba da ba Fari harawa kamar babu abin da ya faru. Wata rana ina wurin ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, takarkarin da ka wucewa kasuwar Fakku da kaya, biyu biyu kaka ganin su? In sa guda na ɗaukar kaya, mi ka hana shi jan galma?" Ta koma ciki. Sai na ga ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa.

Sau uku ya koma Dogon Daji a ranin nan, kwana biyu zuwa kwana biyu dawowa, a kan jakin aro. Ya sassaƙa gajeriyar karkiya mai lanƙwasa wadda za ta zauna a gaban tozon sa ɗaya, da igiya biyu, ɗaya ta kowane gefe, suna haɗuwa a wani guntun itace a baya inda ake maƙala garmar. Gwajin farko igiyar ta goge wa Fari cinya. Na biyu garmar ta riƙa karkacewa gefe ɗaya. Ɗangiwa ya rantse ba zai sake hura wuta a kan wannan shirme ba, sannan ya hura. Ya ƙara rage bakin garmar har ta zama kamar ta wasa.

Ta yi aiki. A daminar 1964 Fari shi kaɗai ya huɗe gonar a safiya tara. Ya fi na da daɗewa, kunyoyin ma ba su kai na da tsayi ba, amma abincin da ake nema ya ragu da rabi, kuma Saudatu ta huta da yawon tsintar gawo har cikin daji. Abin da ya fi wannan, mutumin da ba zai taɓa iya riƙe shanu biyu ba yana iya riƙe ɗaya. Na zauna na zana karkiyar da garmar, na rubuta bayani shafi huɗu na aika sama. Na sake aikawa bayan wata shida. Amsar da ta zo layi biyu ce, cewa hanyar da aka amince da ita ita ce shanu biyu, kuma a mayar da garmar nuni sito. Na mayar.

Manoma ba su jira takarda ba. Wani mai suna Na'iya daga Fakku shi ya fara zuwa da ɗan bijiminsa, Almu ya auna masa wuya da igiya ya sassaƙa masa karkiya. Kafin shekara biyu na ƙirga mutum bakwai tsakanin Fakku da tungayen kewaye masu huɗa da sa ɗaya, Ɗangiwa kuma ya riƙa ƙera irin garmar yana kaiwa kasuwa. Duk wanda karkiyarsa ta ci wa sa wuya sai ya jawo shi ƙofar Almu. Yakan gyara, a ba shi goro, wani ma ko goron babu.

Saudatu ta rasu a ranin 1966. Tarin ne ya dawo mata, ta yi wata biyu tana fama. Na je gaisuwa bayan kwana bakwai. Ƴarsu Hadijatu, wadda ke aure a Kebbe, ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta. "Baba, wa ka dafa maka? Wa ka riƙa maka sa?" Ya ce mata Fari ya san kunya, ba ya bukatar mai ja. Haka ne kuwa, san ya iya aikin har yana juyawa da kansa a ƙarshen kunya. Sai dai muryar Almu ba ita ya saba da ita ba. Yakan tsaya a tsakiyar gona ya waiga wajen gida, sai an daɗe ana lallashi. Huɗar shekarar ta ɗauki safiya goma sha huɗu.

Zuwana na ƙarshe a 1967 ne, bayan an raba Jihar Arewa an ce an mayar da ni Gusau. Na same shi a zaure yana fere wata karkiya. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Na gaya masa zan tafi. Ya yi mini addu'a, sannan ya ce ya ji a rediyon mai gari ana maganar wani irin wake mai saurin nuna.

"In gaskiya na, Malam, ka samo min ko tafi guda. Wanda za a yi ma noma guda a cire. Maimai ya fara fin ƙarfina."

Na ce in Allah ya yarda kafin shuka zai gan shi. Na samu irin kuwa, wata uku da komawata Gusau, na ƙulle shi a ƙyalle na sa a akwatin ofis. Ban samu mai zuwa Fakku ba, aiki kuma ya yi mini yawa, damina ta wuce. Ta biyu ma ta wuce.

Wata ranar kasuwa ina tashar mota sai na ji an ce, "Malamin gona!" Na waiga na ga Na'iya, ya kawo albasa. Muka gaisa, na tambaye shi mutanen tunga. Ya ce ai Almu ya rasu tun bara da kaka, bayan ya shigar da geronsa rumbu. Zazzaɓi ne na kwana uku. Sambo ya zo ya kora Fari, mijin Hadijatu ya ɗauki garmar ya tafi da ita Kebbe.

Na ce ya jira ni. Na hau keke na koma ofis na buɗe akwatin. Ƙwari sun huda wajen rabin waken. Na zauna na tsince masu kyau, na kawo masa, na gaya masa yadda ake shuka shi. Ya karɓa ya sa a aljihun riga, yaran mota na ta kiran fasinja, ya yi mini sallama ya hau.